Yadda Ake Yi wa Memorin Rikoda Fomat, da Yadda Ake Ceto Sautin da Ya Ɓace

Ɗan jaridar rediyo da ke ɗaukar hira, da ɗalibin da ke tattara tarihin baka a wurin dattawan ƙauye, da mai ɗaukar tafsirin azumi, da mai kula da sauti a wajen shirin fim, duk wahalarsu a wuri ɗaya take taruwa: ɗan katin memorin da ke cikin rikoda. Ko makirufo na tsada ne, ko mai magana ya yi bayani mai gamsarwa, in katin ya ƙi buɗewa an yi aikin banza. Wani sautin kuma ba ya maimaituwa. Dattijon da ya ba ka tarihin garinsu bana ba lalle ka same shi baɗi ba.

Sau da yawa, a lokacin da mutum ya ga fayil ya ɓace, sautin yana nan daram a cikin katin. Abin da ke hallaka shi shi ne matakin da aka ɗauka daga baya: a ci gaba da ɗauka a kan katin, ko a amsa wa kwamfutar da ta nemi a yi fomat, ko a miƙa shi ga wanda zai yi ta gwaje-gwaje a kansa. Saboda haka ƙa'ida biyu ce ke riƙe da dukan abin da za a faɗa a nan. Kafin aiki, rikodar da za ta yi ɗauka ita za ta yi wa katin fomat. Bayan matsala, ba a sake rubuta komai a kan katin sai an kwashe abin da ke ciki.

Yadda kati ke ajiye sauti

Ka ɗauki katin tamkar ɗakin ajiyar kaya a tashar mota, wanda mai tsaronsa ke da littafin rajista: kayan wane suna kanta kaza da kanta kaza. In aka yage shafi daga littafin, kayan suna nan a kan kanta, sai dai ba wanda ya san na wane ne, kuma duk wanda ya kawo sabon kaya za a iya ba shi wurin.

Rajistar kati ita ce tsarin fayil, wato FAT32 ko exFAT. Sararin katin a yanke yake ƙananan gurabe, kuma rajistar tana riƙe da sunan kowane fayil, da girmansa, da jerin guraben da ya mamaye. In ka goge fayil a tsarin FAT32, na'ura tana sa alama a harafin farko na sunansa, ta share jerin gurabensa daga rajista, shi ke nan. Sautin kansa ba a taɓa shi ba. Fomat na gaggawa ma haka yake yi, sai dai shi rajistar gaba ɗaya yake sabuntawa. Wannan ne dalilin da ya sa kati mai giga 32 ke gama fomat cikin daƙiƙu kaɗan, kuma shi ne dalilin da ya sa ake iya ceto.

Akwai fomat na biyu, mai zurfi, wanda ke bin katin gurbi-gurbi yana rubuta sifili, ko kuma ya aika wa katin umarnin share kansa. Bayan wannan babu manhajar da za ta dawo da komai. Tun daga Windows Vista, in ka cire alamar Quick Format, irin wannan kwamfuta ke yi.

Zaɓen katin da ya dace

Kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka fito da katin SD a 1999, aka kafa ƙungiyar SD Association a 2000 don ta tsara ƙa'idojinsa. Rukunan da za ka ci karo da su a kasuwa uku ne. SD na asali bai wuce giga 2 ba. SDHC, wanda ya fito a 2006, yana kaiwa giga 32, kuma da FAT32 yake aiki. SDXC na 2009 ya fara daga sama da giga 32 har zuwa tera 2, da tsarin exFAT. Ƙaramin kati irin na waya, microSD, shi ma waɗannan rukunai yake bi.

Bambancin yana da muhimmanci, domin kowace rikoda tana da iyakarta. Zoom H1n da H4n Pro da H5 a giga 32 suka tsaya. Zoom H6 da Tascam DR-05X da DR-40X suna karɓar SDXC har giga 128. In ka sa kati mai giga 64 a rikodar da SDHC kaɗai ta sani, mai yiwuwa ta ce babu kati, ko ta ce ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Wasu kan tilasta wa babban kati FAT32 da wata manhaja don tsohuwar rikoda ta karɓe shi. Wani lokaci dabarar tana ci, amma kamfanin bai gwada na'urarsa a haka ba, kuma ranar hira mai muhimmanci ba ranar gwaji ba ce. Duba littafin rikodarka, ka saya daidai da abin da ya ce. Tascam har jerin katunan da ta gwada da kowace na'ura take wallafawa a shafinta na intanet.

Wajen girma, lissafin mai sauƙi ne. WAV na sitiriyo a 44.1 kHz da bit 16 yana cin kusan mega 635 a awa. A 48 kHz da bit 24 yana cin giga ɗaya da ɗan ɗoriya a awa, wato kati mai giga 32 zai ɗauki kusan awa 30. MP3 mai 128 kbps bai kai mega 60 a awa ba. Ke nan mai ɗaukar hira ba ya bukatar ƙaton kati. Katuna biyu ko uku masu giga 16 ko 32 sun fi masa ɗaya mai 128: in ɗaya ya lalace aikin yini ne ya shiga hatsari, ba na wata guda ba, kuma ƙaramin kati ya fi saurin bincike in an zo ceto.

Gudu ma kada ya tayar maka da hankali. Class 10 da U1 suna nufin mega 10 a daƙiƙa, U3 da V30 mega 30. Sitiriyo a 48 kHz da bit 24 bai kai sulusin mega ɗaya a daƙiƙa ba. Katin V90 na masu ɗaukar bidiyo ne, kuɗinka kawai zai ci. Abin da rikoda ke bukata shi ne katin da ke rubutu ba tare da tsaitsayawa ba, domin sauti yana kwararowa ne ba ya jira. In katin ya yi jinkiri har ma'ajiyar wucin gadi ta rikoda ta cika, sai ka ga saƙon kuskuren rubutu, ɗauka ta tsaya.

Gwada sabon kati kafin ka amince masa

Araha ba ta ado, kuma a harkar memori jabu ya yi yawa. Katin jabu yakan nuna wa kwamfuta giga 64 alhali abin da ke cikinsa bai wuce 8 ba. Da farko komai zai tafi daidai. Da zarar an wuce ainihin girmansa, sabon sauti ko dai ya hau kan tsoho ko ya tafi babu inda ya sauka, amma sunayen fayiloli da girmansu suna nan a jere kamar ba abin da ya faru. Sai ka zo saurare ka ji shiru ko ƙara. Irin wannan asarar ba ta da magani, domin tun farko ba a ajiye sautin ba. Fomat ba ya tona asirin jabu, kwalin ma ba ya tonawa.

Abin da ke tonawa shi ne a cika katin da bayanai a sake karanta su. A Windows akwai H2testw, manhajar kyauta da mujallar kwamfuta ta c't a Jamus ta fitar. A Linux da Mac akwai F3. Sa katin ba komai a ciki, ka zaɓi a gwada dukan sararinsa, ka bar shi ya gama ko da zai ɗauki awa ɗaya ko fiye. In sakamakon ya nuna an rasa ko da kaɗan ne, mayar wa mai shago. Kada ka ruɗe in kati mai giga 32 ya nuna 29 da wani abu a Windows. Wannan bambancin ƙidaya ne tsakanin kamfani da kwamfuta, ba alamar jabu ba ce.

Rikodojin Zoom da yawa suna da nasu gwajin a cikin menu na kati, na gaggawa da cikakke. Yi cikakken sau ɗaya ga kowane sabon kati.

Yadda ake yin fomat

Dalilin da ya sa rikoda ce ya kamata ta yi fomat shi ne ita ta san abin da take so. Tana zaɓen tsarin fayil da girman gurbi da suka dace da ita, sannan ta ƙirƙiri foldojinta. Tascam tana yin MUSIC da UTILITY, Zoom H4n tana yin STEREO da 4CH da MTR. Katin da aka yi wa fomat a waya ko kyamara yana zuwa da tarkacen can. Mac kuma tana barin ɓoyayyun fayiloli, kuma abin da ka goge a kanta yana ci gaba da cin wuri a katin har sai ka zubar da kwandon shara katin yana jone. Mafi muni shi ne katin da wayar Android ta mayar ma'ajiyarta ta ciki: ta kulle shi da sirri, ba na'urar da za ta karanta shi sai ita.

Ga matakan:

1. Tabbatar duk abin da ke katin yana wurare biyu daban, kuma ka buɗe fayilolin ka saurari farko da tsakiya da ƙarshensu. Ganin suna a folda bai isa shaida ba.
2. Sa sabon batir ko ka jona rikoda da wuta. In wuta ta yanke ana tsakiyar fomat, rajista takan tsaya rabi da rabi.
3. Kashe rikoda kafin ka sa katin. In babban SD ne, duba ɗan makullin da ke gefensa, ya kasance a sama.
4. Kunna, ka shiga menu, ka nemi SD Card ko System, ka zaɓi Format, ka amsa. Kada ka taɓa komai sai ta ce ta gama.
5. Duba kwanan wata da agogon rikoda. Fayil mai kwanan wata daidai ya fi sauƙin ganewa, musamman bayan ceto.
6. Ɗauki gwaji na minti ɗaya, ka saurara da abin kunne.

In rikodarka ta ba ka zaɓi biyu, kamar yadda na'urorin Tascam ke yi, na gaggawa shi ne na yau da kullum. Mai zurfin ka ajiye shi don lokacin da katin ya fara nawa ko yawan kawo kuskuren rubutu, ko in za ka ba wani katin alhali ka taɓa ɗaukar maganar sirri a kansa. Ɗan jaridar da ya yi wa majiyarsa alkawarin sakaya suna ya sani cewa fomat na gaggawa bai goge muryar ba.

In rikoda ta ƙi karɓar katin sam, kai shi kwamfuta ka yi amfani da SD Memory Card Formatter, manhajar kyauta ta SD Association. Ta fi fomat ɗin Windows dacewa, domin tana jera rajista da gurabe daidai da yadda aka gina ƙwaƙwalwar katin. Bayan ta gama, mayar da shi rikoda ka sake yin fomat a can.

Tsakanin goge fayiloli ɗai-ɗai da yin fomat kafin kowane sabon aiki, fomat ya fi. Gogewar ɗai-ɗai tana barin giɓi nan da can, sabon fayil ya rarrabu cikin giɓin. Kati mai sabon fomat kuwa sauti a jere yake kwanciya a cikinsa, kuma sautin da ke jere shi ne mai sauƙin ceto.

Lokacin ɗauka da lokacin kwashewa

Fayil ɗin WAV yana da ɗan kai a farkonsa, wanda a mafi sauƙin siffarsa bait 44 ne, inda ake rubuta tsawon sautin da yanayinsa. Rikoda ba ta san tsawon ba sai an danna tsayawa, don haka na'urori da yawa a lokacin ne suke kammala kan fayil da rajista. In batir ya mutu, ko aka zare katin, ko rikoda ta faɗi batir ya fita kafin nan, sai a sami fayil mai girman sifili ko wanda ba ya buɗewa.

Maganin shi ne ka danna tsayawa, ka jira fitilar rubutu ta daina ƙiftawa, ka kashe, sannan ka zare. Gaya wa rikoda irin batirin da ka sa, alkalin ko mai caji, domin ma'aunin batir da wannan yake lissafi. Makirufo mai jan wutar 48V yana shanye batir da sauri ƙwarai. A doguwar ɗauka irin ta tafsiri ko taro, duk inda aka sami sarari ka tsayar ka sake farawa, don abin da ya gabata ya kammalu. In ka ga rikoda ta raba doguwar ɗauka gida-gida, ba lalacewa ba ce: FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai giga 4, kuma rikodoji da yawa a giga 2 suke yankewa, wato kusan awa biyu a 48 kHz da bit 24.

Wajen kwashewa, kwafa za ka yi, kada ka yanke. Buɗe sabuwar folda mai kwanan wata da sunan aikin ga kowace kwashewa, domin bayan fomat rikoda takan koma ƙirga suna daga farko, sai ZOOM0001 na yau ya danne ZOOM0001 na makon jiya. Kada ka gyara sauti kai tsaye daga kan katin. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani faifai na waje, in da hali na uku a intanet ko a wani gida. Ajiye katuna cikin 'yar robarsu, nesa da ƙurar hunturu da gumin aljihu da zafin mota.

In matsala ta auku: matakin farko

Tsaya. Kada ka ɗauki ko gwajin daƙiƙa biyar, domin rikoda tana iya zuba shi daidai kan abin da kake nema. Kashe ta, zare katin, ja makullin gefe ƙasa. In microSD ne, sa shi a adafta ka kulle adaftar. Ka sani makullin nan ba ya hana komai a cikin katin kansa. Kad rida, wato na'urar karanta kati, ita ce ke ganinsa ta girmama shi, kuma akwai masu arha da ba su kula shi.

Sa katin a kad rida mai kyau a kwamfuta mai lafiya. In Windows ta ce sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi, ƙi. In ta nemi ta bincika ta gyara, wannan ma ƙi, domin gyaran nata rubutu ne a kan rajista.

Daga nan yi wa katin cikakken kwafi, wato fayil guda ɗaya da ya ƙunshi kowane gurbi na katin, har da waɗanda rajista ke cewa babu komai. Win32 Disk Imager tana yin wannan a Windows ta maɓallin Read. Ka kula sosai, maɓallin Write da ke kusa da shi akasin haka yake yi. TestDisk, da za a yi bayaninta a gaba, ita ma tana da Image Creation. In katin yana tsaitsayawa wajen karantawa, GNU ddrescue a Linux ta fi, domin tana fara kwashe wuraren lafiya kafin ta koma kan masu wuya. Kwamfutar tana bukatar sarari daidai girman katin, da wani sararin na abin da za a ceto. Duk gwaje-gwajen da ke tafe a kan wannan kwafin za a yi su, katin asali kuma a ajiye shi gefe.

Fayil da aka goge ko katin da aka yi wa fomat

TestDisk da PhotoRec manhajoji ne na kyauta da Christophe Grenier ya rubuta, a ƙunshi ɗaya suke zuwa, ba sa bukatar a girka su. In gogewa ce kawai, fara da TestDisk: Advanced, sannan Undelete. Tana duba ragowar rajista, don haka takan dawo da fayil da sunansa da kwanan watansa. Recuva ma tana wannan aikin a Windows.

In fomat aka yi, sai PhotoRec. Ita ba ruwanta da rajista. Tana bin katin gurbi-gurbi tana neman alamar farkon fayil, kamar haruffan RIFF da ke buɗe kowane WAV. Buɗe QPhotoRec, wato siffarta mai tagogi, ka zaɓi kwafin katin. A File Formats cire alamar komai, ka bar riff da mp3 kawai, don kada ta cika ka da tsoffin hotuna. Zaɓi a bincika dukan sarari, ka nuna mata folda a kan kwamfuta. Kada wurin ajiyar ya zama katin da ake ceto. Sakamakon zai fito a folda mai suna recup_dir.1, da sunaye na lambobi, sai ka bi su ɗaya-ɗaya da kunne.

PhotoRec tana ɗauka fayil a jere yake. In ya rarrabu, za ka ji hira tana tafiya sai wata tsohuwar ɗauka ta faɗo ciki. Haka ma rikoda mai layuka da yawa kamar H6: tana rubuta fayiloli da dama a lokaci guda, gurabensu suna saƙe da juna, sai abin da aka ceto ya riƙa tsalle daga wannan makirufo zuwa wancan. Sautin yana nan, amma sai an zauna an yanka an jera da hannu.

Fayil mai girman sifili ko wanda ya ƙi buɗewa

In fayil yana da girmansa amma ya ƙi buɗewa, kansa ne ya lalace. Buɗe Audacity, manhajar gyaran sauti ta kyauta, ka bi File, Import, Raw Data. Za ta tambaye ka abin da kan fayil ya kamata ya gaya mata: Signed 16-bit PCM ko Signed 24-bit PCM, ko 32-bit float ga sababbin rikodoji, Little-endian, layi ɗaya ko biyu, 44100 ko 48000. Duba saitin rikodar ko wani lafiyayyen fayil na ranar don ka san amsa.

Rage ƙarar abin kunne kafin ka kunna. In ka ji shuuu mai ƙarfi, sauya Start offset: ga bit 16 gwada 0 da 1, ga bit 24 gwada 0 da 1 da 2. Ɗaya daga ciki zai daidaita. In murya tana gudu ninki biyu, mono ne ka shigar a matsayin sitiriyo. In ta yi kauri tana jan jiki, akasin haka ne. In ta ɗan sauya kaɗan, ka musanya 44100 da 48000. Da ta fito daidai, fitar da ita sabon WAV.

In girman sifili ne, zuba cikakken kwafin nan a kan wani katin da ya kai shi girma, ka gudanar da chkdsk E: /f a kan wannan na biyun, kana sa harafin da katin ya samu a madadin E. In ta tambaya ko ta mayar da ɓatattun jerin gurabe fayiloli, amsa da Y. Za su fito a ɓoyayyiyar folda FOUND.000 da suna irin FILE0000.CHK. Mafi girmansu shi ne abin zato, shigar da shi Audacity ta hanyar da aka bayyana. In ba a sami komai ba, cikakken kwafin kansa ana iya shigar da shi ta Raw Data, kashi-kashi, a bi shi da kunne har a iso wurin.

Kwamfuta ta ce katin ba shi da tsari

Galibi sashen farko na katin ne ya lalace. FAT32 yana ajiye kwafin wannan sashe a wani gurbi, kuma TestDisk tana iya karanta shi. Kafin ka gyara komai, yi amfani da List ka ga ko fayilolin za su bayyana, ka kwafe su zuwa kwamfuta. In ba su bayyana ba, koma PhotoRec.

Foldoji sun koma gajerun hanyoyi

Wannan aikin bairos ne, kuma an fi kwaso shi a kwamfutar shagon buga takardu ko wurin tura waƙoƙi. Bai goge komai ba, ɓoyewa ya yi. Kada ka danna gajerun hanyoyin, danna su ne ke kunna shi. A kwamfuta mai rigakafi, bayan ka yi cikakken kwafi ka zuba shi a kan wani katin, buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana sa harafin wannan katin a madadin E, sai foldojin su fito. Kwashe fayilolin sauti kaɗai, sannan a yi wa katunan biyu fomat.

Katin da ba ya bayyana ko ya daina karɓar rubutu

Gwada wata kad rida da wata adafta tukuna, domin adafta takan riga kati lalacewa. Goge ƙarafan katin a hankali da busasshen ƙyalle mai laushi. In har yanzu kwamfuta ba ta ganinsa, ko tana nuna girman da ba nasa ba, ko yana zafi, manhaja ba za ta yi komai ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: kada a fasa shi, kada a gasa shi da iskar gyaran waya. Kamfanonin ceto bayanai suna da kayan karanta ƙwaƙwalwar kai tsaye, aikin yana da tsada, kuma microSD ya fi wuya domin a dunƙule aka gina shi.

In katin yana karantuwa amma ya ƙi rubutu ko fomat alhali makulli a buɗe yake, alama ce ya gaji. Ƙwayoyin ajiyarsa suna da iyakar rubutun da za su ɗauka, kuma katuna da yawa kan kulle kansu in sun zo ƙarshe don a samu a kwashe. Kwashe nan take.

Bayan an ceto

Saurari abin da aka dawo da shi daga farko har ƙarshe kafin ka ce an gama, ka sa masa suna mai ma'ana, ka ajiye shi wurare biyu. Riƙe cikakken kwafin katin har aikin ya fita, ko za a bukaci komawa.

Sannan ka yanke hukunci a kan katin. In kuskuren hannu ne, ko mutuwar batir, ko bairos, yi masa fomat mai zurfi, ka gwada shi da H2testw, ka sake fomat a rikoda, ya koma aiki. In kuwa shi da kansa ya kawo kuskure ba dalili, ko ya faɗi gwajin, aikinsa ya ƙare. Sa masa alama don kada ya koma jaka, in akwai maganar sirri a ciki ka karya shi. Lafiyayyen kati ma ba wurin adana tarihi ba ne, domin cajin da ke riƙe bayanai a cikinsa yana zurarewa a hankali in an ajiye shi shekaru ba a amfani da shi, zafi kuma yana ƙara saurin hakan. Duk sautin da kake son ya daɗe, kwashe shi daga katin a ranar da ka ɗauke shi.